Mu sayar da lambun Inna mu kai ta hoto Beljiyam, ko mu kama hanyar Yamai?

Assalamu alaikum Likita. Ni malamar makaranta ce a nan Damagaram, unguwar Birni, kuma ni ce babbar mace a ɗakinmu. Sati shida ke nan da aka yi wa Innarmu aiki aka cire mata mama na hagu saboda ciwon daji. Wurin ɗinkin ya warke, amma tana kukan bayanta. Likitan da ya yi aikin ya ba mu takarda mu je Yamai a yi mata hoton ƙashi, a kuma soma shimiyo, wato maganin daji da ake ƙarawa a jijiya. Yayana da ke zaune a Beljiyam ya ce mu dakata. Wai a asibitin jami'a na Burusel akwai sabon hoto da ake yi da sinadarin jinin raƙumi, yana nuna duk inda cutar ta ɓuya, don haka gara a sayar da lambun da Inna ta gada a Mirya a kai ta can a gani tukuna. Baba kuwa ya ce da na Yamai da na Turai duk bai yarda ba, tunda allurar nukiliya ce. Ya yi shekaru yana aiki a Arlit, ya ce ya san abin da uranium ke yi wa mutum. Gwaggo ta soma kawo mata nonon raƙumi. Ita Inna ba a faɗa mata sunan cutar ba, an ce mata ƙari ne kawai. Kowa ni yake kira. Likita, wanne zan bi?

Ƴar Birni

Wa alaikumus salam ƴata. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya saka miki da alheri kan wannan ɗawainiya.

Ku bi takardar likita ku tafi Yamai cikin satin nan, kada kuma a taɓa lambu. Aikin da aka yi ya cire abin da ido ya gani, hannu ya kai gare shi. Shimiyo da gashi (wato ƙona cutar da hasken na'ura) da ƙwayoyin sha da za su biyo baya su ne ke bin ƴan ƙwayoyin cutar da wataƙila suka riga suka sulale cikin jini ko kaluluwa tun kafin a shiga ɗakin tiyata. Wannan maganin yana da lokacinsa. Likitoci suna so a soma shi cikin makonni kaɗan bayan aiki, kuma bincike ya nuna idan jinkirin ya haura wata uku amfaninsa yana raguwa. Kun riga kun ci sati shida. Ki lissafa da kanki: neman mai sayen lambu, fasfo, wasiƙar gayyata daga asibitin can, bizar jinya, sannan jiran ranar ganin likita. Kafin a gama wannan, lokacin da ya fi kowane daraja a jinyar Inna ya wuce.

Game da ciwon bayan, sau da yawa a mace mai shekarunta na gajiyar ƙashi ne, ba yaɗuwar cuta ba, amma ba a yanke wannan hukunci da ka. Idan kika ga ƙafafunta sun soma nauyi ko suna mutuwa, ko fitsari ya riƙe, ko yana zubo mata ba ta sani ba, kada a jira bas ɗin gobe. A kai ta Babban Asibitin Damagaram a wannan daren, domin alama ce wani abu yana danne lakar baya, kuma a irin wannan awoyi ne ke raba mai tafiya da ƙafarta da wadda za ta kwanta.

Yanzu ga maganar yayanki. Ba tatsuniya ya ji ba. Hoton yana nan, kuma ilimin da ke bayansa ya cancanci ki fahimce shi sosai, don idan za ki yi masa magana ya san kin san abin da kike faɗi.

Jikin ɗan Adam yana ƙera wasu sinadarai na garkuwa waɗanda likitocinmu ke kira antikor. Kowane ɗaya abu guda ya sani, shi kaɗai yake nema ya manne masa. A 1975 wasu masana biyu a Kambirij ta Ingila, Georges Köhler da César Milstein, suka gano yadda za a ƙera antikor iri ɗaya tak da yawan gaske a ɗakin gwaji, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel a 1984. Wannan ya ba wani tsohon tunani ƙafar tafiya. Tunda wasu ƙwayoyin daji suna ɗauke da wata alama a bayansu wadda lafiyayyun ƙwayoyi ba su da ita da yawa, sai a ƙera antikor mai neman wannan alamar, a ɗaura masa ɗan sinadari mai fitar da hasken da ke ratsa jiki, a yi wa mara lafiya allurarsa, sannan a sa na'ura ta duba inda hasken ya taru. Inda ya taru, nan cutar take zaune.

Da aka zo aiwatarwa sai aka ci karo da girman abin. Cikakken antikor ƙato ne, kuma jiki ba ya saurin rabuwa da shi, yakan yi kamar sati uku kafin rabinsa ya bar jini. Idan aka ɗauki hoto ranar allura, jinin gaba ɗaya ke haske, ba a bambance ƙari da jijiya. Sai an jira kwana huɗu ko biyar, wanda ke tilasta a ɗaura masa sinadari mai daɗewa irin zirkoniyam-89, wanda sai ya yi kwana uku da ɗoriya rabin ƙarfinsa ke mutuwa, mara lafiya kuma ya sha haske fiye da yadda ake so. Ga shi kutsawa cikin tsokar ƙarin tana yi masa wuya. Ke ƴar Birni ce, kin san lungunan da ke bayan fada. Babbar mota mai kaya sai dai ta tsaya a bakin titi, amma ɗan kabu-kabu zai kutsa ya sauke fasinja a ƙofar gida ya fito kafin ki gama gaisawa da maƙwabciya. Shi ya sa masana suka koma datsa antikor, suna yar da gangar jikin, suna riƙe kan da ke kamawa kawai. A ma'aunin da suke kira kilodalton, cikakken yana da nauyin 150, guntun da ake kira Fab yana da 50. Ƙoda kuwa tana tace abin da ya gaza kimanin 60 ta zubar da shi a fitsari. Saboda haka guntun da bai sami abin kamawa ba yana barin jini cikin awoyi, wanda ya kama ƙari ya rage shi kaɗai yana haske, hoto ya fito a ranar.

Nan raƙumi ya shigo. A 1989, a jami'ar VUB ta Burusel, ɗalibai suna aikin gwaji da jinin raƙumi da aka ajiye a firiza, sai aka ga wani antikor da ba a san da irinsa ba. Namu yana da sarƙoƙi huɗu, manya biyu da ƙanana biyu, shi kuwa wannan manyan biyu kawai gare shi. Raymond Hamers da Cécile Casterman da abokan aikinsu suka buga sakamakon a 1993. Kan wannan antikor, idan aka cire shi shi kaɗai, nauyinsa 15 ne, ushirin cikakken ke nan, amma kamunsa yana nan daram. Shi ake kira nanobodi. Yadda ake samo shi, ana yi wa raƙumi ko danginsa lama da alfaka na Kudancin Amurka allurar alamar da ake so, a jira jikinsa ya ƙera garkuwa, a ɗebi jini kaɗan, a ciro tsarin halittar wannan kan, a ba ƙwayoyin bakteriya su yi ta ƙera shi cikin tanki. Ba a yanka dabbar, kuma abin da ke cikin sirinji bai taɓa zama a jikin raƙumi ba.

A 2016 likitocin Burusel suka wallafa gwajinsu na farko a jikin mutane. Mata 20 ne masu dajin mama, aka yi musu allurar nanobodi mai neman wata alama da ake kira HER2, an ɗaura masa galiyam-68, wanda rabin ƙarfinsa ke mutuwa cikin minti 68. Awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi bayan allura aka shigar da su na'urar PET, wadda ke ɗaukar hoton inda hasken ya taru a jiki, hoto ya fito, ba a kuma ga wata illa mai tsanani ba. Ni kam abin yana burge ni har zuciya, a ce dabbar da muke wucewa a kasuwar dabbobi ba mu ko waiwaya ba, a jininta Allah ya ajiye wannan.

To amma ki duba tambayar da hoton ke amsawa. Ba daji kowane iri yake nema ba, HER2 yake nema. Cikin mata masu dajin mama, kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari ne cutarsu ke ɗauke da wannan alamar da yawa. Idan ta Inna ba ta cikinsu, hoton yana iya fitowa shiru alhali cutar tana nan. Ƙoda da hanta suna haske da kansu saboda ta nan sinadarin ke bi, abin da ke kusa da su yana iya ɓacewa. Sannan kowace na'urar PET, abin da bai kai ƴan milimita ba ba ta ganinsa, ƴan ƙwayoyin da shimiyo ke nufin kashewa kuwa sun fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ko da an je an dawo da hoto fes, hukuncin shimiyo ba zai canza ba, domin daga girman ƙarin da aka cire da kaluluwar hammata da irin ƙwayoyin cutar ake yanke shi.

Wadda wannan hoton zai fi amfana ita ce macen da cutar ta riga ta watsu mata wurare da yawa, ƙashi da hanta da ƙwaƙwalwa, inda ba zai yiwu a tsakuro nama daga kowane wuri ba, ana kuma zargin wani wurin yana da HER2 wani ba shi da ita. A wurinta hoto guda na jiki duka yana iya sauya magani. Ba mu da dalilin cewa Inna tana wannan matsayin, muna kuma roƙon Allah kada ta kai. Bayan haka, hoton yana matakin bincike ne har yanzu. Ba abu ne da mutum zai zo da kuɗinsa ya biya a yi masa ba. Masu binciken ne ke zaɓar wanda ya cika sharuɗɗansu, galibi cikin marasa lafiyar da asibitin ke bibiya. Kuna iya sayar da lambu, ku isa Burusel, a ce ba ta cikin waɗanda ake ɗauka.

Ba kuma yau aka fara ɗokin irin wannan hoton ba. A 1996 Amurka ta amince da CEA-Scan, guntun antikor da aka samo daga ɓera, mai ɗauke da teknesiyam-99m, don neman dajin babban hanji da ya dawo bayan aiki. A 2005 aka janye shi daga kasuwar Turai, kafin lokacin hoton PET na sukari da ake kira FDG ya riga ya karɓe fagen. Ina fatan na raƙumi zai yi nisa fiye da haka, akwai kuma dalilin fatan. Sai dai jinyar Inna ta bana ce.

Ga abin da nake so ki riƙe da kyau. Tambayar HER2 da yayanki ke so a je Turai a amsa, amsarta tana cikin naman da aka cire wa Inna. Ki nemo takardar anapat, wato sakamakon ɗakin gwajin da ya duba naman. Da Faransanci take. Ki duba can ƙasa, ko a takarda ta biyu mai ɗauke da kan immunohistochimie, za ki ga RE da RP da HER2, wani lokaci da Ki-67. RE da RP suna nuna ko cutar tana ci daga sinadaran jikin mace. Idan an rubuta positif a gabansu, akwai ƙwaya irin tamoksifen da ake sha kullum shekara 5 ko fiye, ba ta kuma da tsada. HER2 maki ake ba shi: 0, 1+, 2+ ko 3+. Mai 3+ ta tabbata, mai 2+ sai an ƙara wani gwajin da ake kira FISH kafin a yanke. Shi ma gwajin immunohistochimie ɗin da antikor ake yin sa, sai dai a kan siririn yankin nama da aka shimfiɗa bisa gilashi, likita yana kallon ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya ta madubin ƙara girma. Babu na'urar hoton da ta kai wannan kusanci.

Idan kika tarar ba a yi wannan gwajin ba, ba a makara ba. Ɗakin gwaji ba ya zubar da naman duka. Yana daskarar da guntu cikin kakin farafin, ɗan dunƙule mai lamba a jikinsa da suke ce wa bulok, yana kuma yin shekaru bai lalace ba. Da takardar likita ana iya karɓarsa a kai wani ɗakin gwajin, cikin ƙasa ko waje, Inna tana Yamai ana yi mata magani shi yana kan hanya. Ki rubuta lambar bulok ɗin a littafinki, ki tambayi inda yake ajiye. In kuwa aka ce miki ba a kai naman gwaji ba sam, ki faɗa wa likitan Yamai wannan tun a zaman farko.

Idan HER2 ta fito 3+, akwai maganin da aka yi dominta, tirastuzumab, wanda shi ma antikor ne, ana amfani da shi tun 1998. Ana ƙara shi a jijiya duk sati uku har kimanin shekara, ana duba zuciya da hoton da ake kira eko lokaci-lokaci domin yana iya raunana ta. Yana da tsada ƙwarai, kuma yana cikin magungunan da suka sauya makomar mata masu irin wannan dajin. Idan akwai ranar da gidanku zai bukaci kuɗi mai yawa a dunƙule, wannan ce, kuma ba na so ta zo ta tarar an ƙarar da su a tikitin jirgi da haya a Burusel.

Sai Baba. Ki je masa da ladabi, domin tsoronsa yana da tushe. Mutumin da ya yi shekaru a Arlit ya san ƙurar ma'adini, ya san iskar radon da ke taruwa a rami, ba a jarida ya karanta ba. Kada kuma ki ce masa babu ruwan allurar da uranium, domin akwai dangantaka, gara ya ji ta daga bakinki. Ana fasa uranium a injinan nukiliya na bincike, irin na Mol a Beljiyam da Petten a Holan da Pelindaba a Afirka ta Kudu, a tace wani sinadari da ake kira molibdenam-99, a zuba shi cikin wata na'ura mai rufin dalma a aika asibitoci. Daga cikinta ake tatso teknesiyam-99m a safiyar da za a yi hoto. Abin da ke shiga sirinji babu uranium a cikinsa. Babban bambancin kuwa daɗewa ce. Uranium ɗin da ake haƙowa a Arlit sai ya yi shekara biliyan 4.5 kafin rabinsa ya mutu, mai aikin rami kuma kullum yake shaƙa, shekara da shekaru. Teknesiyam awa 6 ne rabinsa ke mutuwa. Bayan kwana ɗaya abin da ya rage kashi ɗaya ne cikin 16, ban da wanda ya riga ya fita a fitsari.

Yawan hasken da jiki ya sha da milisibat ake auna shi. Kowane mutum a duniya yana samun kimanin 2.4 a shekara daga ƙasa da duwatsu da sararin sama, ko bai taɓa taka asibiti ba. Hoton ƙashi kimanin 4 ne, hoton sikana na ciki ma ya fi shi. Idan Baba ya taɓa rataya ɗan ma'aunin haske a ƙirji a wurin aiki, zai fi ki saurin gane wannan lissafin. Ban ce babu haɗari ko kaɗan ba, shi ya sa ba a yi wa mai ciki, ba a kuma yi sai da dalili. Inna tana da dalili: an cire mata daji, bayanta yana ciwo. Ki nemi aminin Baba ko wani dattijon da yake jin maganarsa ya zauna tare da ku, in da hali kuma ya shiga wurin likita da kansa ya yi tambayoyinsa. Namiji irinsa ya fi yarda da abin da aka yi shawara da shi a kai.

Hoton ƙashin a sashen likitancin nukiliya na Cibiyar Radiyo-Izotop ta Jami'ar Abdou Moumouni ake yin irinsa, kuma ba shi da wahala. Ba a hana ta karyawa. Allura ɗaya ce a jijiyar hannu, ki tuna musu su yi a na dama, ba ɓangaren da aka yi aiki ba. Sai jiran awa 2 zuwa 3, tana shan ruwa sosai tana zagawa. Daga nan ta cire sarƙa da ƴan kunne da awarwaro, ta kwanta rigingine, kyamara mai faɗi tana bin ta a hankali daga kai zuwa ƙafa, kamar rabin awa. Babu zafi. A ranar kada ta goya jika ko ta kwana da jinjiri, mai ciki kuma ta ɗan ja baya, washegari shi ke nan. Wannan sinadarin ba antikor ba ne, yana taruwa ne duk inda ƙashi ke gyaran kansa, don haka tsohuwar karaya ko ciwon gaɓoɓi ma suna fitowa baƙi a hoton. Idan kika leƙa kika ga ɗigo-ɗigo kada gabanki ya faɗi kafin likita ya karanta. Ku nemi ranar alƙawari ta waya kafin ku hau bas, domin sinadarin daga waje ake kawo shi kuma ba ya ajiyuwa, tafiyar kusan kilomita 900 ba abin yi sau biyu ba ce ga mai jinya. Idan ranar hoton ta yi nisa, ku fara ganin likitan daji tukuna, shi zai ce ko a duba bayan da wani hoton a soma magani. Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Cutar Daji tana nan Yamai, kuma tun 2021 take yin gashi da na'ura, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Kafin wannan shekarar mai bukatar gashi sai ya fita waje.

Nonon raƙumin Gwaggo kuwa, ki yi mata godiya, soyayya ce ta kawo shi. Amma antikor ɗin da aka sha ta baki ciki yana narkar da shi kamar kowane abinci, ba ya isa ga ƙari. Idan Inna tana son nonon a tafasa shi. Ɗanyen nono yana iya ɗauke da cutar bakkale, kuma da zarar an soma shimiyo garkuwar jikinta za ta yi ƙasa, zazzaɓin da ba komai ba ne a wurinki yana iya kwantar da ita. Duk wani jiƙo ko garin magani da za a kawo, a nuna wa likita kafin ta sha.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne layin da kika ce ba a faɗa mata ba. Na san da kyakkyawar niyya aka ɓoye, ana gudun kada zuciyarta ta karye. Amma macen da aka cire wa mama ta san ba ƙurji ba ne. Mai yiwuwa ita ma shiru take yi don kada hankalinku ya tashi, kowa yana ɗauke da abin shi kaɗai cikin gida ɗaya. Shimiyo zai zubar mata da gashi, ya sa ta tashin zuciya da kasala. Wadda ba ta san abin da take yaƙa ba, idan ta ga maganin ƙari yana neman kayar da ita, takan ce ta gaji bayan zagaye na biyu ko na uku, kuma shimiyon da aka yanke a tsakiya wahala ce aka sha ba a kwashi amfaninta ba. Ga kuma lambu. Nata ne, gadon mahaifinta, ko a shari'a ba a sayar da dukiyar mai hankali ba da yardarsa ba, yardar da aka samu kan labarin da bai cika ba kuwa ba yarda ba ce.

Ba ke kaɗai za ki faɗa mata ba. Ki roƙi likitan da ya yi mata aiki ya zauna da ita, ke da wata da ta fi sakewa da ita kuna wurin, ƴar uwarta ko aminiyarta. A fara tambayarta me ta fahimta game da ciwonta, nawa kuma take son ta ji. Wata za ta ce a faɗa mata komai, wata za ta ce ku ji ku yi abin da ya dace, duka biyun haƙƙinta ne. A haɗa sunan cutar da maganar magani a zama ɗaya, ta ji cewa ana warkewa daga dajin mama, musamman idan an bi magani har ƙarshe.

Yayanki kuma kada ki ƙaryata shi a rukunin WhatsApp na gida inda ƙannensa ke karantawa. Nisa ce ke cin sa. Uwarsa tana kwance yana wata ƙasa, abin da ya gani a kusa da shi ne ya miƙo. Ki kira shi ku biyu, ki ba shi aikin da zai iya. Ki tura masa hoton takardar anapat da ta tiyata, ya kai wa likitan daji a can ya ji ra'ayinsa, ya kuma tambaye shi kai tsaye ko mace a matsayin Inna tana cikin waɗanda ake yi wa hoton nanobodi, ko ya dace a tsayar da shimiyo dominsa. Idan ana bukatar a sake gwada bulok ɗin, shi zai iya nemo ɗakin gwajin ya biya. Kuɗin da zai kashe a biza da jirgi ya mayar da su na wata-wata, domin jinyar nan ta watanni ce: kuɗin bas, masauki a Yamai, gwajin jini kafin kowane zagaye, maganin amai, abinci mai gina jiki. Tun 2007 gwamnati ta sa cututtukan daji na mata cikin waɗanda aka ce a kula da su kyauta a asibitocinta, don haka ki je ofishin taimakon marasa lafiya ki tambaya dalla-dalla me ya shiga ciki, me kuma za ku saya da kanku, ki rubuta. Lambun da ke ba da amfani duk shekara shi zai riƙa cike giɓin.

Ke ma ba ƙarfe ba ce, ga aji yana jiranki. Tun yanzu a tsara wanda zai raka Inna kowane zagaye, a raba tsakanin ƴan ɗaki da dangi, kada ya zama ke ce kullum a hanya. Ki sayi jakar takardu guda, duk sakamako da odonas da rasit su shiga ciki bisa jerin kwanan wata, kowa ya raka ta ya tafi da ita. Da kin sami takardar anapat, ki rubuto mini abin da ke gaban RE da RP da HER2, da adadin kaluluwar da aka cire da nawa ne cutar ta taɓa, in taya ki shirya tambayoyin da za ki yi wa likitan Yamai.